Ƙaho Shida a Bayan Mushe

Ranar Asabar da hantsi Illo wanzami ya ga tabon, kuma ba nemansa ya je yi ba. Aski ne ya kai shi. Duk sati biyu yakan rataya zabirarsa ya taso daga unguwar Lazaret zuwa ta Dar es Salam, nan cikin Yamai, ya aske wa ɗansa kai, don a ganinsa abin kunya ne ɗan wanzami ya je ya zauna gaban masu aski da inji.

Ɗan nan shi ne na fari. Sunansa Mu'azu, amma shekara talatin da huɗu sunan bai taɓa fita daga bakin Illo ba. Yana ƙarami "wancan" ne, ko "yaron nan". Da ya gama karatu aka ba shi aji a lise, makarantar sakandare, yana koyar da ilimin halittu, sai uban ya samu sauƙi, ya bi bakin ƴan makaranta yana ce masa Mushe, yadda suke kiran malami da Faransanci. Haka Gobirawa suke da ɗan fari. Ba a kallonsa ido cikin ido, ba a tambayarsa abin da ke damunsa. In tambayar ta zama dole, matarsa ake yi wa.

Shi ya sa hirarsu kullum sai ta bi ta kan wani abu. Ranar nan kwalba ce. Tana ajiye a kan taga, cike da ruwan gulbi, da wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe cikin yauƙi.

"Wannan kuma miyar wa?" in ji Illo, yana wasa aska a tafin hannu.

"Ƙwan kwaɗo ne, Baba. Daga gonakin shinkafa na sa aka ɗebo. Litinin zan nuna wa ƴan aji."

"Gwamnati na biyan ka ka nuna wa ɗiyan mutane kwaɗo."

Mushe ya yi murmushi, irin na wanda dariya ke yi wa nauyi. Ya ce kowane ɗigo da fari ƙwaya ɗaya ce, sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su yi yawa kamar gero a ƙwarya. Abin da ke hana su watsewa shi ne kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabciyarta da wani abu kamar ƙaro. Da wannan riƙon ake naɗe su, wasu su zama fata, wasu hanji, wasu ƙashin baya. Ya ce in ka cire wani gishiri daga ruwan, riƙon ya saki, su zube ɗai-ɗai, babu kwaɗo babu dalilinsa.

"Mutum ma haka?"

"Mutum ma haka, Baba."

Illo ya ce Allah mai iko, ya ja wuyan rigar Mushe ƙasa don ya ɗaura masa ƙyalle. Nan ya gani. A kafaɗa tabo ne baƙi-baƙi, faɗin tafin hannu, kamar an maka masa taɓarya. Ƙasa da shi jajayen ɗigo ne ƙanana, ba su ƙirguwa, kamar an yi ta soka bakin allura. Ya shafa da yatsa. Ƙurajen zafi sukan taso ƙarƙashin hannu, waɗannan kuwa a kwance suke cikin fata. Ya danna da babban yatsa ya ɗaga. Ba su gushe ba.

Ya juya wajen Bilkisu, matar Mushe, wadda ke zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa, da cikinta wata bakwai.

"Ɗiyata, faɗuwa ya yi daga moto?"

"A'a, Baba. Haka suke fitowa da kansu. Har ƙafafu akwai. In ya yi asuwaki sai dasashinsa ya yi ta jini. Sati uku ke nan. Sau biyu ana yi masa allurar palu, ta ciwon sauro, masassarar ba ta tafi ba."

"Jiya na je an ɗebi jinina," in ji Mushe, kansa a sunkuye. "Analiz, gwajin jini. Litinin sakamako zai fito."

Illo ya ci gaba da askin har ya gama. Amma tun askar na kan ƙeya ya riga ya yanke hukunci. Shekara arba'in da ɗoriya yana kallon fatar mutane. Baƙin tabo a ƙarƙashin fata, da nauyin jiki, da masassarar da ba ta jin allura, ai ko makaho ya san mataccen jini ne ya taru ya rasa hanyar fita. Ya cire wa alhazai, ya cire wa sojoji, har wani babban ma'aikaci daga unguwar Plateau ya taɓa aiko masa da mota. Sai a kan ɗansa ne zai naɗe hannu ya jira takarda?

Ya buɗe zabira ya fara jera ƙahonni a kan tabarma.

"Baba, da an bari Litinin ɗin ta yi," Mushe ya faɗa a hankali.

"Litinin." Illo ya maimaita, yana duba bakin wani ƙaho. "To. A bari. Mu da ma jahilai ne. Da kwaɗo ne da an yarda da shi."

Ya soma mayar da su ɗaya-ɗaya, ba gaggawa. Bilkisu ta dubi mijinta. Mushe ya dubi ƙasa. Mutum ne da ya tsaya gaban yara sittin yana yi musu bayanin jini da allo da alli, amma bai san da wane baki zai ce wa mahaifinsa sana'arka ba ta isa ba. Ya cire riga ya juya baya.

Ƙaho shida Illo ya kafa, uku dama uku hagu. Ya zuƙe iska ya toshe, ya jira fata ta taso, ya cire, ya yi tsaga uku-uku marasa zurfi, irin waɗanda hannunsa ke yi ko idonsa a rufe, ya mayar da ƙahonnin. Da lokaci ya yi ya ɓalle na farko ya karkata shi kan kasko.

Jinin ƙaho a dunƙule yake fitowa, baƙi, kamar yankin hanta. Kowane wanzami ya san wannan, shi ake nuna wa mai jiki a ce ga ciwonka. Wannan kuwa zubowa ya yi, tsararo, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na biyu haka. Na shida haka.

Ya goge bayan da tsumma. Kafin ya ɗauke hannu layuka goma sha takwas sun sake cika, suna gangarowa zuwa ƙugu. Ya shafa alif. Ya barbaɗa garin bagaruwa, wanda ke tsai da jinin kaciya. Jinin ya jiƙa garin ya biyo ta ƙarƙashinsa. Ya sa Bilkisu ta kawo toka, ta kawo zane, ya ninka ya danna da hannu biyu yana karanta duk abin da ya haddace. Zanen ya jiƙe. Ta kawo wani.

"Yanzu zai tsaya," in ji Illo. Ya faɗa sau uku, tsakanin kowace da ƴar'uwarta kamar minti ashirin.

A ta ukun Mushe ya ce, "Baba, ina ganin duhu-duhu," ya kife a kan tabarma. Bilkisu ba ta jira izinin kowa ba, ta fita titi ba takalmi ta tare taksi.

A babbar likita, wato babban asibitin gari, wajen masu gaggawa, wani ma'aikaci da rajista ya tare Illo, don Bilkisu ta bi gadon da aka tura.

"Sunan marar lafiya?"

"Mushe."

"Tsoho, duk wanda ya sa wando a garin nan mushe ne. Sunan yanka."

Illo ya waiga ko akwai wanda zai faɗa a madadinsa. Babu. Sai dai ya faɗa da bakinsa.

"Mu'azu," ya ce. "Mu'azu Illo."

Lokotoron da ke duba marasa lafiya mace ce, ƙarama, da ka ji Hausarta ka san Damagaram ta fito. Zahra'u aka ce sunanta. Ta ɗaga zanen ta duba bayan, ta duba ɗigon ƙafafu, ta buɗe bakinsa ta ga dasashi. Ta karɓi ƴar takardar analiz daga hannun Bilkisu ta buga waya inda aka ɗebi jinin, ta yi magana da Faransanci, ta saurara, ta rubuta wata lamba a bayan hannunta. Sannan ta fito baranda.

"Wa ya yi masa tsagar nan?"

Zabirar tana rataye ƙarƙashin babbar rigar Illo, yana jin ƙahonnin suna taɓa haƙarƙarinsa.

"Wani wanzami ne," ya ce.

Bilkisu ta sunkuyar da kai.

"To, Baba, ka saurara," in ji lokotoro. "A cikin jini akwai wasu ƴan ƙanana, ido ba ya ganin su. In an yanki mutum, su ke rugawa bakin ciwon, su manne da juna, su toshe. Na ɗanka sun kusa ƙarewa. Inda ake son ɗari, da ƙyar yana da biyar. Ɗigon nan da kuke gani a fatarsa jini ne ke tsiyaya daga ciki, tun kafin kowa ya taɓa shi."

Illo ya tuna kwalbar da ke kan taga. Riƙon ya saki.

"Me ya cinye su?"

"Wannan sai mun bincika. Yanzu jinin nake so ya tsaya. Mun ɗaure, mun samu leda ɗaya ta abin da na gaya maka za mu sa masa, amma ba za ta isa ba. Abin ba ya ajiyuwa, kwana kaɗan yake lalacewa, sai an tace daga sabon jini. Ina son mutum shida, yau, kafin la'asar, don a samu a tace zuwa gobe."

Illo ya naɗe hannun riga ya miƙa mata dantse.

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da wani abu."

"Baba."

"Saba'in ba ɗaya."

"Ba a ɗibar naka. Ita ma ba a ɗibar nata, ga ciki. Ka je ka nemo."

Dangin Illo suna Tibiri, tafiyar yini guda. Abokan aikin Mushe kuwa lambobinsu na cikin wayarsa, wayar a kulle, mai ita ba ya cikin hayyacinsa. Abin da Illo ke da shi a Yamai kawunan da yake askewa ne. Ya shiga taksi ya koma kasuwar Lazaret.

Ana gama azahar ya iske su inda ya san zai iske su, a rumfar teloli, bayan masu nama, ana jiran shayi na biyu. Sun kai goma sha biyar. Babu wanda askarsa ba ta bi ta kansa ba a cikinsu, rabinsu kuma da tabon ƙahonsa a baya. Ya yi sallama ya ce Mushe na kwance a likita, ana neman jini, mutum shida.

Aka yi ta Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba shi lafiya. Sannan aka fara duban ƙasa. Wani ya ce bai daɗe da tashi daga palu ba. Wani ya ce azumin nafila yake, alhali ga kofin shayi a gabansa. Ɗahiru tela ya ce shi ya ji an ce in aka ɗebi jinin mutum ƙarfinsa na iyali ba ya komowa daidai.

"Ɗahiru," in ji Illo, "kasko nawa na cika da jininka? Ɗiyanka tara."

"Wancan matacce ne, Illo. Kai mataccen kake cirewa. Su mai ran suke so."

Aka ce haka ne, wallahi haka ne. Illo ya tsaya a bakin rumfa, rana na cin ƙeyarsa. Shi ya koya musu wannan magana. Shekara arba'in yana faɗa musu ita.

A ƙarshen benci akwai Amadou, Bazabarme mai gyaran moto, wato babur, ƙato, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa wasa ne, kuma Amadou bai taɓa barin Illo ya wuce ba tare da ya kira shi bawansa ba. Yau bai kira ba tukuna. Yana ta kallon bakin hannun rigar Illo, inda jini ya bushe.

"Hatsari ya yi?" ya tambaya.

Ga ƙofa a buɗe. In Illo ya ce moto ce ta kaɗe shi, babu mai bincike. Amma ya san mutanensa. Hatsarin moto kullum ana yi, a ce Allah ya kiyaye gaba a ci gaba da shan shayi. Ya kuma san abin da ɗayar maganar za ta ci masa. Jibi ma akwai sunan jikan Ɗahiru, shi zai yi askin jariri.

Ya ciro zabirar daga ƙarƙashin riga ya ajiye a kan teburin tela.

"Ni ne," ya ce. "Ƙaho na yi masa da safe. Ya ce a bari sai Litinin, na ƙi. Tsaga goma sha takwas, da hannun nan. Tun hantsi jini ke zuba bai tsaya ba. Lokotoro ta tambaye ni wa ya yi, na ce wani wanzami ne. In ya mutu ni na kashe shi. Ban taɓa roƙon ɗayanku ko goro ba."

Ɗahiru ya janye tef ɗin awon da ke kusa da zabirar, kamar kada ta taɓa shi.

Amadou ya shanye shayinsa ya miƙe.

"Tun yaushe nake gaya muku kada a bar wa Bagobiri abu mai kaifi," ya ce. "Ga shi nan. Bawa ya yi ɓarna, ubangidansa zai biya." Ya juya kan benci. "Kai mai azumi, ajiye kofin, ka tashi. Kai kuma mai palu, jiya na gan ka ka ɗauki buhun masara. Ɗahiru, zauna abinka, tara sun isa, kada matarka ta zo ta kama ni."

Wani ya yi ƴar dariya, ta mutu nan take. Amadou ya bi su ɗaya-ɗaya yana zare makullan moto daga aljihunsu yana zubawa a nasa. Da zagi da ja da kunya ya tashi mutum huɗu, shi na biyar. Na shidan bai samu ba. Illo ya bi layin masu nama, ya bi na masu kayan miya, yana maimaita maganar nan ga duk wanda ya tsaya, ni ne, ni na yi, har ta daina yi masa ɗaci a baki. Labarin ya riga shi kaiwa ƙarshen kasuwa. Mutane suna jajanta masa daga nesa. Ba wanda ya taso.

A wurin ɗibar jini aka mayar da ɗaya, aka ce nasa bai yi ba. Saura huɗu. Illo ya tsaya ta taga yana kallon ledoji na cika, ja wur, mai kauri, irin wanda bai taɓa cirewa daga jikin kowa ba.

Washegari da hantsi aka rataya wa Mushe abin da aka tace. Illo ya zaci ja zai gani, sai ya ga ruwa rawaya-rawaya kamar romon kaza, ɗan kaɗan a gindin leda. Mutum huɗu, iyakar abin ke nan. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango yana kallon ɗigon na sauka. Mushe na kwance rub da ciki, fuskarsa ta yi fari kamar toka, leɓɓansa a bushe. Wajen azahar lokotoro Zahra'u ta zo ta ɗaga bandejin a hankali. Audugar farko ta jiƙe. Ta sa sabuwa, ta tsaya tana duban agogo. Ta ɗaga. Ɗigo biyu. Ta sake jira, ta ɗaga. A bushe.

Bilkisu ta rufe fuska da gyale.

Lokotoro ta yafito Illo zuwa baranda.

"Wanzamin nan," ya ce tun kafin ta yi magana, "ni ne."

"Na sani tun jiya. Na ga hannunka." Ta jingina da ƙarfen baranda, da ganin idonta ba ta yi barci ba. "Ba kai ka sa masa ciwon ba, Baba. Tsagar dai taka ce, ta kusa tafiya da shi. Ciwon kuwa ya riga ka. Mun duba jininsa a madubin likita. Sai an ɗebi ɓargo an tabbatar, amma ba zan ɓoye maka ba, abin da nake gani sankarar jini ce. Ɓargonsa na haifar ƙwayoyi marasa amfani, sun cika wurin, sun hana masu amfani fitowa."

"Ana warkewa?"

"Wasu suna warkewa. Magani ne mai tsawo, mai wuya, kuma shi kansa maganin yana ƙara cinye abin nan da muka sa masa yau. Wanda ya shiga jikinsa yanzu, nan da kwana uku ko huɗu ya ƙare."

"Sai a sake kiran su Amadou."

"Su sai bayan wata uku. Wasu za ka kawo. Laraba ina son shida. Sati mai zuwa ma haka, wataƙila fiye."

Illo ya shiga bin kawunan da ya sani a zuci, unguwa-unguwa, yana cire tsofaffi, yana cire waɗanda suka ji labari jiya suka kau da kai. Abin da ya rage bai cika hannu biyu ba.

Ya leƙa ɗakin. Mushe ya buɗe ido, ya ga uban, ya yi ƙoƙarin jan zane ya rufe bayansa. Illo ya kau da kai da sauri, ya dubi Bilkisu.

"Ɗiyata, tambaye shi lambar buɗe wayar nan. Da sunan shugaban makarantarsu. Da unguwar da yake."

Ta sunkuya ta tambaya, ta faɗa masa. Ya maimaita sau biyu don kada ya manta.

A bakin ƙofar likita Amadou na zaune kan motonsa a inuwar bishiyar bedi, da ƴar auduga manne a dantse tun ta jiya, ya ƙi cirewa don a gani.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya. Laraba suna son shida."

Amadou ya dube shi, ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa. Ya taka moto ta tashi.

"Yau Lahadi, ba kowa a makaranta," ya ce.

"Gidansa za mu. In ba ya nan mu jira."

Illo ya tattare rigarsa ya hau baya.